Mataki na Bakwai

Shekara biyu tarin fuka ya kwantar da ni. Da na miƙe, kullum da safe sai na yi ta ɗaga bokitin yashi a tsakar gida, har ƙarfin hannuna ya dawo.

Na koma wurin gini neman aikina na lebura. Maigidanmu ya nuna kwanon kwaɓaɓɓen siminti.

"In ka kai shi saman bene, Baba, aikinka na nan."

Na sure shi kamar auduga. A mataki na bakwai numfashina ya ɗauke. Na zauna ina haki.

"Hannu ka gyara, ka manta da ƙirji," in ji shi. "Sauko ka ba bulo ruwa."

Na karɓi tiyon ruwan. Shi ma nauyi ya yi mini.