Layin Baba

"Yaya, intanet ta sake tsayawa!" Bilki ta ƙwala kira daga ɗaki.

Taufiq yana tsugune a zaure da kwamfuta a cinya, gaban ruta, 'yar akwatin nan mai ƙifta fitilu da ke raba intanet tsakanin gidan mahaifinsu Alhaji Ɗangana da shagunansa na bakin kasuwa. Ba sai an faɗa masa ba, da idonsa yake kallon layin ƙanwarsa yana shaƙewa. A ɗaki kuwa malaman wata makarantar ungozoma ta Paraku suna yi wa Bilki tambayoyin ɗauka ta bidiyo, kuma tun da farko sun ce ba su da lokacin jiran kowa. Yarinyar ta kai shekara tana haddace littattafai saboda wannan safiyar. Rezon waya kuma, wato sabis, ranar kasuwar garinsu Malanville ba a maganarsa, ko sallama ba ta wucewa.

Abin haushin shi ne, da hannunsa ya tsara abin. Ruta tana iya jera masu amfani da ita, wani ya wuce, wani ya jira. A wurin koyon aiki an nuna masa cewa murya da bidiyo ake sawa gaba, don su ne ba su jure jinkiri. Amma ranar da ya kafa ta, Alhaji ya saurari bayanin har ƙarshe, sannan ya ce shi bai ga dalilin da zai sa a jera abin ba bisa girma ba. Haka kuwa aka yi. Wayar Baba a sama, sai ta Yaya Faruku, sai shaguna, mata a can ƙasa, Bilki auta a ƙarshen kowa. A lokacin har dariya abin ya ba Taufiq.

Yau babu dariya. Wayar Baba ta haɗiye hanyar gaba ɗaya, tana ta tura wani abu mai nauyi, ba ta ko numfasawa.

Ya kai hannu zai sauya jerin ke nan, sai inuwa ta rufe masa allo. Faruku ne, babban wansu, da ƙurar albasa a rigarsa.

"Mi kaka yi nan?"

"Yaya, layin Baba ni ka son saukarwa kaɗan, har Bilki ta gama."

"Da izinin wa?" Faruku ya ce. "In shina magana da mutanen Kwatano fa, ciniki shi katse? Kai ka tsayawa gabanai ka yi bayani?"

"Yaya, bidiyonta ne ka yankewa. Ba su jiranta."

"To kira shi. In ya ce a taɓa, a taɓa."

Faruku ba mugu ba ne, yana son Bilki kamar ransa. Mutum ne dai da ko tabarmar Baba ba ya gyarawa sai an ce ya gyara. Taufiq ma, in za a faɗi gaskiya, da wannan ruwan aka yi masa wanka, shi ya sa yatsansa ya tsaya cak a kan maɓalli. Ya ciro waya ya kira, sai a karo na uku kiran ya shiga.

Sai suka ji ƙara a bayansu. Wayar tana kuka a turakar Baba, ɗakin kuwa a kulle da kwado.

"Ai Alhaji ya ƙetare Gaya tun da sahe," in ji Inna Munawwara, mahaifiyarsu, daga bakin murhu. "Ƙaramar ya ɗauka, babbar ya bar ta sharji."

Nan Taufiq ya gane komai. Babu ciniki, babu mutanen Kwatano. Wayar ce ita kaɗai a ɗaki take kwashe bidiyoyin sunan da aka yi jiya tana adanawa a intanet. Ya ɗaga kai ya dubi wansa.

"Kira ƙaramar," Faruku ya ce, amma muryarsa ta yi sanyi.

Ya kira. Lambar ba ta shiga ƙetaren gadar kan iyaka. Ya sake kira, yana jin Bilki a ɗaki tana maimaita amsa ɗaya da Faransanci, tana ba da haƙuri, tana sake maimaitawa. Takaici ya ishe shi. Bai ƙara duban Faruku ba, ya ja sunanta ya kai sama. Nan take layinta ya buɗe tar.

Labule ya motsa. Bilki ce ta fito, abin sauraro a hannu.

"Koma, ya gyaru!" Taufiq ya ce.

"Bar shi, Yaya. Sun ce sun wuce ga ta gaba. Wai in sake nema baɗi."

Ba ta yi kuka ba. Ta wuce kicin ta karɓi wuƙa daga hannun Inna, ta ci gaba da yankan kuɓewa. Faruku ya ce ana jiransa a shago, ya fita.

Da la'asar Alhaji ya dawo, ya buɗe turaka, ya fito zaure yana shafa wayarsa, fuskarsa fal murna.

"Taufiq, ka ga aikin kirki! Hotunan suna duk sun hau, ban ko taɓa ta ba. Allah shi yi maka albarka."

Bilki tana durƙushe gefe tana ajiye wa Baba ruwan sha. Taufiq ya buɗe baki, ya dubi Faruku da ya sunkuyar da kai a bakin ƙofa.

"Amin, Baba," ya ce.