Askar Da Ta Bar Zabira

Usumanu wanzami yana tsakiyar aske kan wani dillalin riɗi a gindin darbejiyar bakin kasuwa, sai aka dire masa wani saurayi a kan tabarma. Yaron ya dafe kumatunsa da hannu biyu, jini na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunsa, yana gangarowa har gwiwar hannu. Mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, da ya kawo shi ko injin bai tsaya kashewa ba.

"Ammi Usumanu, taimaka! Mustashfa da nisa, kafin mu kai asibitin ya ƙare," in ji mai rakshar.

Dillalin ya miƙe da rabin kai a aske, ya ja gefe. Usumanu ya ɓamɓare hannuwan yaron da ƙarfi. Yanka ne miƙaƙƙe, daga gindin kunne har kusa da kusurwar baki, naman ya buɗe fari kafin jini ya sake rufe shi. Ya ninke farin ƙyalle ya danna, ya kai babban yatsansa ƙarƙashin muƙamuƙi ya tokare, leɓɓansa na motsi. Mutane suka yi cincirindo. Wata mai shayi ta ce, "Ku yi shiru, yana yi wa jinin magana." Ba a jima ba zubar ta lafa.

"Wa ya yi maka wannan?"

Yaron ya rufe ido. Mai raksha ne ya ce, "'Yan Abu Abyad ne, ya Haj. Wai ya ƙi tashi ya ba su kujera."

Usumanu ya sake duban yankan. Ya tsufa yana ganin aikin wuƙa da na lauje da na fasasshiyar kwalba, ya san babu ɗayansu a nan. Wannan aikin aska ne, kuma askar da aka wasa yadda ya kamata. Kwanaki ke nan ƙaramar askarsa mai ƙotar ƙaho, wadda ya gada daga ubansa, ta ɓace daga zabira, yana ta yaudarar kansa cewa mantuwa ce ta tsufa. 

* * *

Daga wani fim 'yan Abu Abyad suka samo sunansu. Babu wanda ya san sunan fim ɗin na gaskiya a duk garin Gadarif, ko ƙasar da aka yi shi. An dai juya shi da Larabci, aka fara nuna shi a nadi, rumfar kwanon nan da ake kallon ƙwallo, a daminar da garin ya cika da mutanen Hartum da Madani masu gudun yaƙi. Makarantu sun zama masaukin baƙi, samari ba karatu ba aiki, sai zaman jiran girbi. Jarumin fim ɗin maraya ne ɗan dako da ya zama uban 'yan daba. Fararen kaya yake sawa, shi ya sa aka laƙaba masa Abu Abyad, wato mai fari. Ba ya ɗaga murya. In an yi masa laifi sai ya naɗe hannun riga a natse, ya ja wa mutum layi da aska: mai raini a kumatu, maci amana a wuya. Kuma ko ɗigon jini ba ya taɓa rigarsa.

Kafin a ankara, garin ya ɗauka. Teloli suka rasa farin yadi. Masu raksha suka manna hotonsa a bayan kujera. Har matan da ke sayar da kisra, wainar dawa mai faɗi, in mai saye ya cika taya, sai ka ji sun ce da muryarsa, "Ni ba na maimaita magana," a kwashe da dariya. Usumanu kansa ya taɓa leƙawa sau ɗaya, ya fito yana tsaki, wai jinin da ba ya ƙarni, ba ya kiran ƙuda, wane irin jini ne wannan? Amma a ransa ya san ya ji daɗin wurin da manyan attajirai suka miƙe tsaye don ɗan dako ya shigo. Wane talaka ne ba zai ji daɗi ba?

Hafizu, ɗansa namiji tilo, ya kalli fim ɗin har ya haddace. Ya dawo daga yankan riɗi a Gadambaliya da tafin hannu a tsattsage, da zagin wakilin gona a kunnensa, ya sayi farar jallabiya ya shiga cikin samarin da ke kiran kansu 'yan Abu Abyad. Zabirar da uban ya daɗe yana lallaɓa shi ya karɓa kuwa, ko kallo ba ta ishe shi ba. Amma abokansa sun san darajarsa. Ɗan wanzami ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi ne zai riƙe musu aska.

Da Usumanu ya shigo gida ranar, ya tarar da Hafizu a ƙarƙashin rumfa yana goge jallabiyar da dutsen guga na gawayi. Husain na tsugune yana fifita masa wutar. Husain ɗan Rahma ne, matar marigayi ƙanin Usumanu, wadda ta gudo daga Madani da shi kaɗai, aka ba su ɗakin ciyawar da ke kusurwar gida. Yaro ne mai sanyi, duk inda Hafizu ya sa ƙafa nan yake sa tasa.

"Ina askata?"

Hafizu bai ɗago ba. "Wace aska, Yaba?"

"Wadda ka tsaga fuskar ɗan mutane da ita."

Jummare, uwar Hafizu, ta fito daga madafa tana goge hannu. "Haba Malam, daga shigowa? Ka tambaya mana tukuna."

"Ai bai mutu ba," in ji Hafizu, yana murmushin da ya aro daga nadi. "Darasi ne. Ko da ba a kawo maka shi ba, ni da kaina zan tsayar da jinin. Tun ina ƙarami nake jin abin da kake karantawa, Yaba. Na haddace shi kaf."

A nan ne ya kamata Usumanu ya zauna ya gaya masa gaskiya, cewa karatun addu'a ce kawai ta neman sa'a, aikin yana ga yatsan da ya san inda zai tokare, da idon da ya san inda aska ba ta zuwa. Amma a gidansu ba a faɗin wannan sai ranar da uba ya rataya wa ɗa zabira, su biyu a ɗaki. Haka ubansa ya yi masa, haka kakansa ya yi tun kafin su baro Yamma a kan hanyar Makka. Ga mata tsaye, ga Husain, ga yaron da ya raina sana'ar yana yi masa murmushi. Zuciya ta ɗebe shi, ya ɗauke Hafizu da mari har dutsen gugar ya kife, garwashi ya watse a ƙasa.

Hafizu ya shafa kuncinsa, ya ɗauki rigarsa ya kaɗe ta a hankali. "Ni ba na maimaita magana," ya ce, ya fice.

Husain ya yunƙura zai bi shi, Rahma ta cafke wuyan rigarsa. Ta ja shi ɗaki, ta ɗora hannunsa a kan Alƙur'ani. "Ka rantse mini. Ban ratso wuta da kai don in zo nan in rasa ka ba. Ka rantse ka bar su."

"Yumma, ba a fita daga cikinsu. Duk wanda ya fita..."

"Ka rantse!"

Ya rantse yana kuka.

* * *

Bayan la'asar ɗin wata Talata 'yan Abu Abyad suka tare Husain, wanda ya daina zuwa wurinsu, a hanyar famfo, suka kora shi tsohuwar matoyar bulo da ke bakin kwari. Samari ne kusan goma, duk cikin fari, wasu sun riga sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Elfatih, wanda ya fi su shekaru kuma shi ne shugaba, ya zauna a kan tarin bulo ya harɗe ƙafa yadda ake yi a fim ɗin.

Husain ya yi ƙoƙarin gudu. Wani ya sa masa ƙafa, ya faɗi, suka rufe shi da shuri. Aka taka masa yatsu a kan busasshiyar baƙar ƙasar nan mai tsagewa, aka buga bakinsa da bulo har haƙori ya fita. Sannan suka ɗaga shi suka durƙusar, biyu suka murɗe hannuwansa ta baya, ɗaya ya kama gashinsa ya ɗaga haɓarsa sama.

"Maci amana, a wuya," in ji Elfatih. Ya zaro wata wuƙar yankan nama daga aljihu. "Wa zai yi?"

Hafizu ya dubi wuƙar, ya dubi ɗan'uwansa. Ya san in Elfatih ya yi da wannan, an gama. Ya matso da sauri.

"Halas, ya isa, ya zol, mayar da ita. Ɗan gidanmu ne, ni zan yi."

Ya naɗe hannun riga, ya zaro askar ubansa. Ya sunkuya daidai kunnen Husain ya raɗa masa, "Kada ka motsa. Layi ne kaɗan, su gani su ƙyale ka. Yanzu zan tsayar da shi, wallahi."

Husain ya yarda da shi. Ya daina fizge-fizge, ya rufe ido.

Askar Usumanu ba ta san kaɗan ba a hannun da bai koye ta ba. Ta shige kamar a cikin man shanu. Jinin bai gangaro a hankali yadda suka saba gani a allo ba, tsiri ya yi, ya fesa wa Hafizu a fuska da ƙirji, ya sake fesowa, yana bin bugun zuciya. Waɗanda suka riƙe Husain suka sake shi da ihu. Elfatih ne ya fara tsallake kwarin, sauran suka bi, fararen rigunansu na kaɗawa.

Wata mata mai ɗiban itace ce ta kai labari kasuwa. Usumanu ya zo a guje ba takalmi, zabira na dukan kwiɓinsa. Ya tarar da Husain kwance rigingine, ƙafafunsa na shure ƙasa a hankali, ƙuda har sun fara taruwa. Hafizu na durƙushe a kansa, rigarsa ta rine ta manne masa a jiki. Ya ɗora tafin hannunsa sama-sama a kan raunin, yana karantawa yana tofawa, yana karantawa yana tofawa.

"Yaba! Yaba, na karanta, ba ya ji! Ban yi kuskure ba ko kalma ɗaya, ka gaya masa ya tsaya!"

Usumanu ya ture shi gefe, ya cusa yatsunsa cikin raunin ya danne da duk ƙarfinsa. Tun kafin ya danna ya san wace jijiya ce, ya san ko ubansa ne ya tashi daga kabari ba abin da zai iya. Bai saki ba duk da haka. Ya ji bugun yana raguwa a ƙarƙashin yatsansa, yana nisa, har ya ɗauke. Idon Husain a buɗe yake, yana kallon wajen Hafizu.

Rahma ba ta yi kururuwa ba da ta iso. Ta zauna a cikin jinin, ta ɗora kan ɗanta a cinya, ta ciro gefen mayafinta tana goge masa baki. Can ta ɗago ta dubi Usumanu.

"Yaya, kai da jini ke jin maganarka?"

Yana nan durƙushe 'yan sanda suka zo suka ɗaga Hafizu, wanda har lokacin bakinsa bai daina motsi ba.

* * *

An rufe nadin na ɗan lokaci, aka yi wa'azi a masallatai, aka ɓamɓare hotuna daga wasu rakshoshin. Da aka fara yankan dawa sai aka sake buɗewa, saboda ƙwallo. Abin da wayoyi suka ɗauka a matoyar bulo kuwa ya zaga gari, daga hannu zuwa hannu, har ya fi fim ɗin kasuwa. Rahma ta tattara 'yan kayanta ta koma makarantar da 'yan gudun hijira suke, ta ce ba za ta iya shan ruwan gidan ba. Jummare ta daina yi wa mijinta magana sai da dalili.

Usumanu ya ci gaba da fita gindin darbejiya, don zaman gidan ya fi ƙarfinsa. Wata safiya yana zaune ba mai aski, sai ga yaran unguwa sun zo wasa a bayan bishiyar. Sun jiƙa farar ƙasa sun shafa a rigunansu. Ɗaya ya durƙusa, biyu sun riƙe masa hannu, wata yarinya ta kawo ragowar zoɓo a gwangwani don a yi jini. Gardama ta kaure a kan wanda zai riƙe tsinken karan dawa.

"Ni ne Abu Abyad!"

"Kai ka zama Abu Abyad ɗin," in ji wani ɗan ƙarami mai wushirya, ya fizge karan, ya naɗe hannun rigarsa a natse. "Nasa na ƙarya ne. Ni ne Hafizu."