Kilo Tara a Kan Gadar Injina

Tun farko bari in faɗa: ni na zaɓi abin da nake so, na rubuta a takarda, na miƙa wa mutanen gidana. Ba su ce ba su gane ba. Karantawa suka yi, suka ninke takardar, suka je suka sayo wani abu dabam.

Shekara talatin da huɗu ina koyar da zanen fasaha a sakandare. Layin da na ja a allo ba rula, ɗalibai kan zo su auna su same shi cif. Da na yi ritaya sai hannuwana suka fara rawa. Likita ya ba abin wani dogon suna, ya haɗa ni da ƙwayoyi, amma har yau rabin kofi ake zuba mini shayi. Shi ya sa na sayi ƙaramin injin sassaƙa na kwamfuta na kafa a gareji, bayan mota. Ka zana abinka a kwamfuta, ka ɗaure katako a teburinsa, kan injin ya riƙa kai da kawo bisa wata gada ta alminiyam yana yanka. Hannunka ba ya taɓa aikin. Ranar da ya fitar mini da layi na farko, miƙaƙƙe sak, sai da na rufe ƙofar garejin don kada a ga idona.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, canza baki. Bakin shi ne ɗan ƙarfen nan mai kaifi da ke cin katakon, kuma aiki ɗaya kan so uku ko huɗu. Kowane canji sai ka riƙe sifana biyu, ka kwance noti, ka zare wannan ka sa wancan. Ran nan sifana ta kuɓuce mini, bakin ya farke mini babban yatsa. Ɗinki shida.

Washegari aka yi mini taron dangi a falona. Uwar yara na gefe tana sharar ƙwalla sai ka ce kafaɗa aka cire mini. 'Yata, wadda ke aikin jinya, ita ce mai gabatar da ƙara. Mijinta kuma, da kowa ke ce wa Injiniya, ya harɗe a kujerata. Injiniyan magudanar ruwa ne fa, kwalbati yake ginawa.

'Yata ta ce, "Baba, injin nan ya bar gidan nan. Kafintan bayan layi ma ya ce zai saya."

Na ce, "Au, har kun yi ciniki? To ni ma ku tambaye shi nawa zai saye ni."

Da ƙyar muka daidaita. Na gaya musu akwai na'urar da ke canza baki da kanta, ba sai na taɓa ba. Suka ce to, in an sa ta, ta yi aiki lafiya kafin ƙarshen wata, injin ya zauna. In ba haka ba kafinta ya zo da mota.

Sati biyu ina bincike, da tabarau biyu a hanci. Iri biyu na samu. Akwai babba, wadda sai ka cire kan injin gaba ɗaya ka ɗora wani sabo mai aiki da iska, ka kuma sayi kwamfuresa, injin hura iskar, tana maka ruri a kunne. Akwai ƙarama, wani ɗan faranti mai rami shida da ake ɗaurewa a gefen tebur. Kowane rami da bakinsa a cikin notinsa. Kan injin ya sauko, ya juya baya noti ya kwance, ya matsa rami na gaba ya juya gaba ya ɗauki wani. Ba iska, ba ƙara, ba ta ɗora wa gada ko nauyin tsinke. Na auna kan injina, kilo uku. Na duba na babbar, kilo tara. Gadar nan tawa ba ta kai kaurin tafin hannu ba. Ko ɗan aji ɗaya zai gaya maka amsar.

Na rubuta komai, lambar na'urar da dalilina, na ja layi biyu a ƙarƙashin nauyin. Layukan sun karkace, amma ana karantawa. Da yake Injiniya ne ya iya oda ta waya, shi na ba takardar.

Kwana goma sai ga akwati, mutum biyu na nishi da shi. Tun daga ƙofa na san an cuce ni.

Injiniya ya ce, yana washe baki, "Baba, waccan da ka rubuta ai ta wasan yara ce. Na ce surukina guda, ba zai yi amfani da araha ba. Wannan ita ce ta masana'antu."

Na ce, "Masana'anta ka gani a garejina? Kilo tara ne. Gadar ba za ta ɗauka ba."

"Haba Baba, gada ai aikina ne."

Wallahi da ba mijin 'yata ba ne, da na gaya masa abin da ke bi ta ƙarƙashin gadojinsa. Na haɗiye. Na ce a mayar, a kawo abin da na rubuta. Uwar yara ta ja ni gefe tana raɗa, "Malam, yaron nan ya yi ɗawainiya, kada ka kunyata shi." Kullum haka ne. Wanda ya yi shisshigi shi ake lallashi, wanda aka taka shi ake ce wa ya yi haƙuri. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za a ɗora abin nan a injina ba, na kulle garejin na sa makulli a aljihu. Na manta akwai wani a ɗakin girki, rataye bayan firij.

Ranar Laraba 'yata ta kai ni asibiti ganin likita. Layi, awo, karɓar magani, sai bayan la'asar muka dawo. Tun daga bakin titi na ji kwamfuresa tana gurnani. Injiniya ya ɗauko wani mai gyaran lantarki sun wuni a kai. Kan injina na gaskiya yana yashe a ƙasa kusa da bokitin wanke mota, wani ƙaton abu kuma ya hau gadar ya zauna, an ɗaure shi da noti huɗu. Na dafa gadar da yatsa ɗaya, ta yi lilo.

Injiniya ya ce, "Gwada ka gani, Baba. Za ka gode mini."

Raina ya gama ɓaci, amma na ce bari su gani da idonsu. Na sa aka ɗaure mini katako, na buɗe zanen murfin akwati da na saba yi, layuka miƙaƙƙu da da'ira a tsakiya. Na fi sau ashirin ina fitar da shi lafiya. Na danna. Gaskiya abin ya canza baki da kansa, fus, ƙaras, har uwar yara ta tafa. Da ya shiga katako kuwa sai gadar ta kama kyarma, ƙarar ta canza, ƙura na tashi a hargitse. Minti ashirin ya gama.

Na ce a kwance katakon, na ɗaga musu. Kowane layi ya yi gargada. Da'irar ta zama kamar bakin tsohon kwano. Na ji wani irin daɗi mai ɗaci, na ce yau dai magana ta ƙare.

"To, ga shi nan. Ku duba."

Suka duba katakon. Sannan na ga idon 'yata ya sauka a kan hannuwana da ke riƙe da shi suna karkarwa. Uwar yara ma nan take kallo. Injiniya ya sunkuyar da kai, wai shi mai tausayi.

'Yata ta ce a hankali, da muryar da take wa majinyata magana, "Baba, ka gani ko? Har a aikin ya fara nunawa."

Da farko ban ma gane ba. Da na gane, sai na ce:

"Me ya fara nunawa? Ke, hannuna ya taɓa katakon nan? Maɓalli ɗaya na danna, kina tsaye! Kwamfuta ce ke jan layin. Rawar hannuna ta waya take bi ta shiga inji?"

"Baba, kwantar da hankalinka, jininka zai hau."

"Nauyi ne! Kilo tara a inda aka yi wa uku! Na rubuta muku, na ja layi!"

Injiniya ya ce, "Sabuwa ce dal, Baba, daga kamfani. Wataƙila wajen zanen ne hannu ya ɗan goce. Ba laifinka ba ne, lalura ce."

Zanen da ke ajiye a kwamfuta tun bara, ba wanda ya taɓa shi. Na faɗa, na maimaita, na rantse. Ina ɗaga murya hannuwana na ƙara rawa, suna ƙara kallonsu. Uwar yara ta fara kuka tana cewa dama ta san za a zo nan. 'Yata ta fita waje da waya, ina jin ta tana ce wa kafinta ya zo ranar Asabar da safe.

Da ta dawo na ce, "Ku tsaya. A sauke wannan, a mayar da tsohon kan, a sake yanka zanen nan a gabanku. In layi ɗaya ya karkace, ni da kaina zan taya kafinta ɗauka. Aikin awa ɗaya ne."

Ba wanda ya motsa. Na juya wajen Injiniya na ce, "Ɗauki sifana." Ya ce mai lantarki ya tafi, kuma bai kamata in wahalar da kaina ba.

Sai na ɗauka da kaina. Na kai ta kan noti na farko, ta buga ƙarfe ta zame. Na sake, ta zame. Na haɗa hannu biyu, na cije, na sake kai ta, tana ta ƙwanƙwasa gefen notin, ƙwas ƙwas ƙwas, ta ƙi zama. Su uku suna tsaye a bayana da hannu shida masu lafiya.

'Yata ta dafa kafaɗata ta ce, "Ya isa haka, Baba. Kawo."

Na ɗauka kwancewa za ta yi, na miƙa mata. Ta karɓa ta saka a jakarta.