Kunyar 'Yar Fari a Gidan Ƙanƙara

Tun da Tasallah ta haifi 'yarta ta fari ba ta taɓa kiran sunanta ba. Kada mai ji ya yi saurin cewa ƙiyayya ce. A Tibirin Gobir inda ta tashi, macen da ta buɗe baki ta ambaci sunan ɗan fari, sai a ce ba ta da ta-ido, a yi ta yi da ita a bakin rijiya. Ita kanta Tasallah 'yar fari ce. Har uwarta ta koma ga Allah "ke" take ce mata, amma kullum a ƙarƙashin tuwonta ake samun tsoka mafi girma. Ta gane, ba sai an faɗa mata ba.

To, 'yar tata Hibatullah ba a Tibiri aka haife ta ba. A Madina ta buɗe ido, a unguwar Sih, inda uwa ke leƙowa ta taga ta rangaɗa wa ɗanta kira har da "habibi" a kai. Ubanta Fahad ɗan ƙasa ne, jikan Hausawan da suka zo hajji da ƙafa suka zauna. Aurensa da Tasallah bai yi ƙarko ba. Aiki ya mai da shi Riyad, ya bar yarinyar a hannun uwarta, ita kuma ta kama shara da goge-goge a filin jirgin sama, tana bin sawun alhazai da tsumma.

Hanan, ƙanwar Fahad, ita ta fara kai yarinyar wani ɗan filin ƙanƙara a cikin babban kanti, aka ɗaura mata takalmi mai wuƙa a ƙasa. Tasallah ta ɗauka yarinta ce, za ta wuce. A saninta ƙanƙara a ruwan sha ake jefa ta, ba hawa kanta ake yi a yi rawa ba. Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Yarinya ta girma a kan santsi, har aka kawo babbar gasa Madina, da 'yan wasa daga ƙasashen maƙwabta, aka sa sunanta a ciki. Fahad kuwa ya aiko cewa bayan gasar ta koma wurinsa, can ne masu horarwa suke. Bai tilasta ba, ya bar mata zaɓi. Duk sanda ta tambayi uwarta, amsar ɗaya ce: "Yadda kika gani."

Ana gobe gasa, da hantsi, Tasallah na zaune tana ƙara wa hannun rigar wasan tsawo, yarinyar ta zo ta tsaya a kanta.

"Ummi, bukra ne. Ba'dal asar."

"Na ji."

"Ammati Hanan ta ce daga can mu wuce Riyad. Baba yana jiran jawabi." Ta durƙusa, ta riƙe bakin rigar don ɗinkin ya tsaya. "Ki zo. In na fito, kafin musiƙa ta fara, ana yin shiru shuwayya, na ɗan lokaci. Ki kira sunana. Marra wahda bas, sau ɗaya. In na ji, halas, ba ni zuwa ko'ina."

"Ke, wace irin magana ce wannan? A gaban mutane?"

"Uwar kowa tana kira. Ni ban san yadda sunana yake a bakinki ba, Ummi. Wallahi ban sani ba."

Tasallah ta ciji zare ta ce shinkafa na kan wuta. Ta shiga kicin ta tsaya gaban tukunyar da ko tafasa ba ta yi ba. Tana son yarinyar nan son da ke hana ta numfashi. In ta tafi, me ya rage mata a Madina in ba tsumma da bokiti ba?

Washegari ta roƙi Asama'u, abokiyar aikinta 'yar Kano, ta riƙe mata dawam, wato aikinta na yamma. Kafin ta fita daga filin jirgin ta shiga banɗakin mata, ta kunna injin busar da hannu don ƙararsa ta rufe ta, ta gwada sunan. Leɓe ya motsa, murya ta ƙi. Ta ce wa kanta ba komai, in lokaci ya yi zai fito, ai ko bebe ya ga wuta ya yi ihu.

Daga ƙofar zauren gasar sanyi ya mare ta. A waje rana na narka kwalta, a ciki hancinta ya fara yoyo. Ta hau matakala har gwiwarta ta yi ƙara, domin kujerarta can ƙurya take, kusa da rufi. Da ta zauna ta duba ƙasa, sai ga farin fili shimfiɗe kamar faranti, fitilu duka a kansa, 'yan kallo kuwa cikin duhu-duhu. Ta dubi damanta da hagunta: baƙar abaya, baƙin niƙabi, layi bayan layi. A nan ta gane yarinyar ba rigima ta ƙirƙira ba. Daga tsakiyar filin nan babu idon da zai ware uwarsa daga uwar wani, sai dai kunne.

Aka fara. 'Yan mata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, su sulale da baya kamar ana jan su da zare, su yi tsalle su murɗa a iska, su sauka a ƙafa ɗaya. Wata 'yar Masar ta yi juyi kamar katantanwa har Tasallah ta ji jiri a madadinta. Wata ta faɗi, ta tashi da murmushi, ta ci gaba. In an gama, a yi ta jefa furanni da 'yan tsana, alƙalai su danna abin da za su danna, maki ya fito a babban allo. Allon nan bai da kunya ko kaɗan. Sai ya nemo uwar yarinya ya haska ta ga duniya, tana tsalle, tana kuka, tana kiran suna. Tasallah ta sunkuyar da kai don jin nauyinsu, daga baya ta tarar hassadarsu take yi.

Matar da ke gefenta, wata Balarabiya mai jiki da fara'a, ta miƙo mata dabino.

"Kina da wata a cikinsu, ya ukhti?"

Amsar ta fita tun kafin Tasallah ta yi tunani, irin wadda kowace mace ta gari za ta bayar a Tibiri. "'Yar maƙwabtanmu ce ke wasa."

"Masha Allah! Wacce? Mu taya ki kira."

Ba ta iya faɗa ba. Ta dai nuna da haɓa sanda lasifika ta ambaci sunan, cikakke, da na uba da na kaka.

Hibatullah ta fito cikin shuɗiyar rigar, hannun da aka ƙara ya zauna mata daidai. Can ƙasa Hanan da 'ya'yanta suka miƙe suna "Hiba! Hiba!" Balarabiyar ma ta kama, da iyakar ƙarfinta, don 'yar maƙwabta. Yarinyar ba ta kula kowa ba. Ta zagaya filin a hankali, kanta a ɗage, ta tsaya a tsakiya. Hayaniya ta lafa. Shirun da ta faɗa ya zo, har ana jin ƙugin injin sanyi.

Tasallah ta ɗaga gefen niƙabinta. Ta cika ƙirji da iska. Sunan yana nan a kan harshenta, ta san shi fiye da nata, ita ta raɗa shi a zuci duk daren da zazzaɓi ya kama yarinyar. Amma sai ta ji kamar duk matan gidansu na zaune a layin bayanta, uwarta a tsakiya, suna jira su ga ko za ta yi. Ta saki iskar, sunan bai fito ba. Ta ɗaga hannu, a cikin hannuwa ɗari. Yarinyar ta karkata kai gefe ɗaya, ta jinkirta fiye da yadda sauran suka yi, har wani alƙali ya ɗago ya dube ta. Sannan ta sauke kai ta ɗaga hannu, kiɗa ya tashi.

A tsallen farko ta faɗi. Ƙarar ƙugunta a kan ƙanƙara ta iso har rufi, Tasallah ta dafe nata ƙugun. Yarinyar ta miƙe, ba murmushi, ba ta kuma sake duban 'yan kallo ba. Abin da ya biyo baya kuwa, ko wanda bai san wasan ba ya san ya ga abu. Ta yi ta yanka filin da gudu, ta tashi sama ta sauka ba girgiza, ta ɗaga ƙafa ta kama wuƙar takalmin ta bayan kanta tana juyi. Zaure ya miƙe tsaye. Balarabiyar ta rungume Tasallah tana cewa ta gai da uwar yarinyar nan, ta haifi 'ya. Tasallah ta ce za ta ji.

Hibatullah ta zo ta uku. Ana rataya mata lambar yabo Tasallah ta sauko, ta fice ta ƙofar gefe zuwa wurin ajiye motoci, zafi ya karɓe ta. Ta tsaya jikin wani ginshiƙi. Ta gilashin ƙofa tana hango yarinyar da furanni a hannu, Hanan na gyara mata mayafi. Ta ga ta ciro waya. Tata ta yi ƙara a cikin jaka.

"Ummi." Sai yarinyar ta ci gaba da Hausa zalla, abin da ba ta cika yi ba. "Ba ki zo ba."

Tasallah ta buɗe baki za ta ce na zo, na ga faɗuwar, na ga tashin, rigar ta yi miki kyau. Sai ta hango inda maganar za ta kai. In ba ta zo ba, laifin aiki ne, yarinya ta tsani mudir, shugaban wurin aikin. In kuwa ta zo, to tana zaune, ta ji shirun, ta bar shi ya wuce. Wannan ba abin da za a ba 'ya ta tafi da shi Riyad ba ne.

"Mudir ya hana ni fita," in ji ta. "Jirgin alhazai ya sauka."

"Ma'alesh, ba komai." Ta gilashi ta ga yarinyar ta goge ido da bayan hannu. "Na zo ta uku. Zan bi Ammati. Ki haɗa mini kayana, direba zai zo ya ɗauka."

"To. Kin ci abinci?"

"Na ci."

Wayar ta mutu. Jim kaɗan suka fito, suka nufo motar Hanan, wadda ashe a layin nan take. Tasallah ta saki niƙabinta har ƙasa, ta zagaya bayan ginshiƙin, ta manne da shi. Motar ta wuce dab da ita, kusa har ta ga kan yarinyar jingine da gilashi, ido a rufe. Ba ta motsa ba sai da suka hau titi, don kada a gan ta.