Motar da Aka Raba Uku

Ranar da aka raba gadon Baba, a shekarar 1986, an gama da gida, an gama da gonar Shabu, har buta da darduma an san mai su, sai aka jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin gadonsa. A cikinmu babu wanda ya taɓa ganin cikinsa. Baba ba mutum ne da ake leƙa wa ƙarƙashin gado ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tuƙa wani Bature injiniya na kamfanin titi, kuma a gida ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana asuwaki.

Abu uku aka tarar. Wata 'yar mota mai tsawon kamu guda, da manyan tayoyi da inji kamar na gaske. Wani baƙin abu mai eriya da ƙananan sanduna biyu a fuskarsa. Sai gwangwani cike da wayoyi da ƙananan ƙarafa, haɗe da wani galan da babu komai a ciki sai wari.

Malamin da ya zo rabo ya jujjuya su, ya ce wannan mota, wannan rediyo, wannan tarkace. Aka jefa ƙuri'a tsakanin ƙannena biyu. Ya'u, wanda sana'arsa gyaran babur, ya sami rediyo. Kalilu, wanda sana'arsa gyaran rediyo, ya sami mota. Ni Batulu, babbarsu, da yake mace ce, na sami tarkace.

Kalilu ya ce a yi musanya, shawarar da ko jaki zai yarda da ita. Ya'u ya dube shi a gaban malam da kawunnanmu, ya ce, "Wanda bai zo jinya ba, ba shi da bakin zaɓe."

Kalilu yana Makurdi wurin aiki lokacin da Baba ya kwanta, kuma sai bayan an binne shi ya iso. Ya saƙale motarsa a hammata ya fita. Daga wannan rana suka shekara bakwai ba su yi magana ba, a garin da ko ka guje wa mutum a kasuwa sai kun haɗu a masallacin Juma'a. Gaida Inna ma sai suka raba: Ya'u da safe, Kalilu da yamma. In saƙo ya zama dole, ni ce wayar. "Yaya, ki ce wa mutumin nan rufin ɗakin Inna yana yoyo." "Yaya, ki ce wa wancan na gani, ba makaho ba ne ni."

Kada a ɗauka kayan gadon sun zauna a banza. Ya'u ya sa wa rediyonsa batir takwas, ya zare eriya, ya yi mako guda yana murɗa sanduna yana neman Kaduna. Ko tari bai kama ba. Kalilu kuwa ya ɗura wa motar fetur da baƙin mai, ya ce inji inji ne. Ta ƙi. Ya yi zuciya ya ɗaura mata injin tsohuwar kaset da igiyar roba, ta tashi a hankali kamar mai zuwa ta'aziyya, ta je ta dafa bango ta tsaya. A nan ne ya lura da siririyar waya da ke fitowa daga cikinta, kuma mai gyaran rediyo ya san eriya in ya gan ta. Shi ma Ya'u, da ya ga sanda ɗaya tana tafiya gaba da baya, ɗaya hagu da dama, ya gane ba tasha ake nema da su ba. Wato tun watan farko kowannensu ya san rabin kayansa yana hannun ɗan'uwansa. Suka yi gum. Taurin kai kam, wannan gadon ba a yi ƙuri'a a kansa ba, kowa ya sami cikakke.

Ni abin ya daɗe da daina ba ni dariya. Inna tana zaune da ni a gidanmu na Bukan Sidi, yanar ido ta hana ta gani, ƙafafu sun fara kumbura, tuwo sai ta yi loma uku ta ture. Tsorona ɗaya ne, kuma da shi nake kwana da shi nake tashi: kada matar nan ta tafi ba ta sake jin 'ya'yanta biyu a wuri ɗaya ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na turo kawunnai. Kowa ya ce shi ba ya gaba da kowa, magana ce dai ba ta taso ba.

Wata rana da damina, a 1993, ina shafa mata man zafi a ƙafa, sai ta ce, "Ke wannan." Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana. "Abin nan na babanku, ina so in sake jin kukansa."

"Wane abu, Inna?"

"Motar mana. Duk Asabar da yake cewa za mu duba doya a Shabu, kin taɓa ganin mun dawo da doya?"

Na saki ƙafar. Ashe Baturen ne ya bar masa ita da zai tafi, kuma mutumin nan da ko ƙwallo ya gani a ƙofar gida sai ya fasa, a bayan gona yake durƙusawa yana tuƙa motar wasa yana ƙyaƙyata dariya. Keke yake kifewa, Inna tana juya feda, shi yana danna gindin motar a kan tayar keken har injin ya kama.

"To Inna, ranar rabo kin san motar da rediyon abu ɗaya ne, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ina takaba. Kuma ba a tambaye ni ba."

Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar 'yan mata, wankin kwalabe da jera su. Na kai wa malamin kimiyya, Mista Orshi, galan ɗin nan. Ya buɗe, ya shinshina, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya.

"Madam Batulu, wannan mota ba ya shan fetur. Sifirit ne, irin wanda muna da shi a nan, da man zurma. Kashi huɗu da kashi ɗaya. Akwai wani abu na uku, naitiro, ko Jos ba za ki samu ba. Babu shi ma zai tafi, sai dai ba zai yi hauka sosai ba."

Na ce haukan da muke da shi a gida ya isa. Ya auna mini sifirit kwalba guda, na biya kemis na sayi man zurma. Mai kemis ya ga girman kwalbar, ya tambaya ko yara nawa ne cikinsu ya ɗaure.

Saura gyara. Injin ya daskare, tsohon mai ya zama ƙaro a ciki, wannan aikin Ya'u ne. Rediyon kuma batir ya zube a cikinsa ya cinye wayoyi, wannan aikin Kalilu ne. Na hau acaba na je shagon Kalilu na ce Inna ta ce a ba ni motar. Ya ce aro ne. Na je garejin Ya'u na ce Inna ta ce a ba ni rediyon. Ya ce aro ne, kuma a gaya wa wancan ya ƙirga sukurorin. Na musanya musu.

Mako uku na yi a hanya. Ya'u ya fizge injin kaset ɗin nan ya aiko da shi a leda, tare da saƙon cewa wanda ya yi wannan aikin Allah ya shirye shi. Ya jiƙa injin motar a sifirit, ya shanya a rana, yana lallaɓa fistin da yatsa kwana huɗu kafin ya motsa. Kafireton bai kai kan ɗan yatsa ba, da gashin kaza ya wanke shi. A cikin tarkacena ya sami fulogi biyu, ya haɗa ɗaya da batir, wata 'yar waya a ciki ta yi ja kamar garwashi. Na ga ya daɗe yana kallon tayoyin, waɗanda suka suɗe har sun yi sanƙo. Ya ce a hankali, "Baba ne ya cinye su haka?" Na ce shi ne. Ya juya baya yana neman sifanar da ke hannunsa.

Kalilu kuma ya aiko a ce wa mutumin nan rediyo ba a ajiye shi da batir a ciki shekara bakwai, ko ɗan firamare ya san wannan.

Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar, a tsakar gida. Na shimfiɗa wa Inna tabarma a gindin mangwaro, na kife keken maƙwabcinmu a gabanta. Suka iso kusan tare, kowa ya gaida Inna, kowa ya gaida ni, suka duba sama suna nazarin hadari. Sai Ya'u ya ce aro ya ƙare, a ba shi rediyonsa. Kalilu ya ce a ba shi motarsa. Na ce ku dubi Allah, kowa ya riƙe abin da ya gyara mana. Suka ce gado gado ne. Haka kowa ya koma riƙe da abin da bai iya ba.

Na maƙala batir a kan fulogi. Kalilu ya durƙusa ya danna gindin motar a tayar keke. Inna ta laluba ta kama feda, ta ce kowa ya matsa, aikinta ne. Matar da ba ta iya ɗaga kofi, sai ga ta tana juya feda haɓa a sama. Injin ya yi tari. Ya sake tari. Ya tofa wa Kalilu mai a riga.

"Yaya, ki ce masa ya rufe allurar kafireton nan kaɗan, mai ya yi yawa," in ji Ya'u.

Na ce masa. Ya rufe. Inna ta sake juyawa.

Ban san abu ƙarami haka zai iya irin wannan ihu ba. Ƙara ce siririya mai shiga haƙori, ga shuɗin hayaƙi mai ƙamshin suya. Kajin gidan suka haye katanga. Kalilu ya dire ta a ƙasa, Ya'u ya tura sandar da ta zo hannunsa, motar ta zabura ta daki turmi, ta juyo ta bi ta ƙarƙashin keke ta nufi randa.

Na ga bakin Kalilu yana motsi wajena: Yaya, ki ce masa. Na nuna kunnena na girgiza kai. Rabi gaskiya ne, ba na ji sosai. Ɗaya rabin kuwa, na gaji da zama waya. Ya sake gwadawa, na juya ina kallon mangwaro. Motar ta goge randa, randa ta yi rawa.

"Ya'u! Saki ta hagun! Ta hagu ita ce wuta, ta dama sitiyari!"

"Na sani!"

"Ka sani kake neman fasa randar Inna?"

"Kai da ka ɗura mata fetur ne za ka koya mini?"

"Kai da ka nemi Kaduna da ita fa?"

Ya'u ya danne sandar dama gefe guda ya manta da ita, motar ta kama zagaye tsakar gida tana kewaya su, su kuwa sun riga sun bar maganar mota. Ya'u yana ihu cewa kwana goma sha tara shi kaɗai yake juya Baba a kan gado, shi yake wanke shi, kuma Baba kullum idonsa a ƙofa. Kalilu yana ihu cewa wa ya gaya masa, takardar da aka aika ta hannun direban Makurdi sai da ta kwana goma a aljihun mutumin, ranar da ta iso hannunsa ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Jijiyoyin wuya duk sun tashi. Ya'u yana kuka bai sani ba, majina har leɓe.

Na dubi Inna, in ga ko ta sami kukan injin da ta roƙa. Ko sau ɗaya ba ta bi motar da kunne ba. Kanta yana juyawa ne daga wannan murya zuwa waccan, daga waccan zuwa wannan, bakinta a ɗan buɗe. Ta miƙo hannu ta kamo zanena.

"Ke wannan. Kashe abin nan, yana hana ni ji."

Na tare motar da ƙafa da ta zo wucewa, salansa ta ƙona mini idon sawu, na matse siririn tiyon mai da yatsu biyu kamar yadda Ya'u ya nuna mini. Ta yi ƙara sama, ta mutu.

Gidan ya yi tsit. Su biyun suka tsaya baki buɗe, kowa ya ji muryarsa a fili ya tsorata. Ya'u ya sunkuya yana duba eriya. Kalilu ya fara goge man da ke rigarsa. Na ga shirun nan yana dawowa ya zauna inda ya saba, kuma na ga Kalilu ya fara juyowa wajena da "Yaya" a bakinsa.

Inna ta gyara zama, ta jawo mayafinta.

"Kalilu, kana cewa takarda ta kwana goma. Ba ita za ka gaya wa ba, ga yayanka nan. Ci gaba, ina ji."

Kalilu ya juya ya fuskanci Ya'u, ya ci gaba.