Askin da Orval Bai Yi Ba

"Ka ce me? Ba na jin ka, hon ɗin motoci ya cika min kunne!"

Marlene ta manna wayar a kunne, tana leƙen tagar maƙwabcinta Orval, tsohon wanzamin unguwa. Ciwon zuciya ya kwantar da shi tun kafin annoba, yau kuwa numfashinsa ya canza.

"Na maƙale, Misis Marlene!" in ji Curtis, ɗan Orval, ta cikin wayar. "Gaba mota, baya mota!"

Da ma shirin masu zanga-zangar ke nan. Sun yi gayya su toshe titunan Lansing, babban birnin jiharsu, da motoci, su kewaye majalisar dokokin jiha har a janye dokar kulle. Curtis ya tafi ne saboda shagon babansa da aka rufe. To, ga shi sun toshe hanya da kyau, har da shi a ciki.

"Kun iya toshewa, sannunku. Babanka tafiya zai yi, Curtis. Bar motar nan ka taho da ƙafa!"

Ita Marlene tun da aka kafa doka ba ta taka gidan kowa ba. Miya ma a bakin ƙofa take ajiye wa Orval, ta ƙwanƙwasa ta ja baya. Tsoro take ji, ba wasa ba. Amma ta gyara takunkumin fuskarta ta tura ƙofar.

"Ina yaron?" Orval ya tambaya da ƙyar.

"Yana can yana yi maka yaƙi. Kada ka kuskura ka tafi, ka ji ko?"

"Kin cika ba da umarni, Marlene."

Ta riƙe hannunsa, idonta na kan titi. Can sai ga Curtis, ƙato da shi, yana tafe da gudu, ba hula, ba kwalin zanga-zanga. Ya faɗo ɗakin yana haki, ya durƙusa gefen gado.

"Baba, ga ni."

Orval ya buɗe ido ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗaga hannu ya cusa yatsu cikin sumar da ta rufe wa Curtis kunne.

"Dubi kanka, don Allah. Ɗan wanzami guda."

Curtis ya yi dariya, hawaye na zuba. Marlene ta sauke ajiyar zuciya, ta nemi kujera.

Da numfashin Orval ya tsaya, Curtis bai ɗaga kai ba. Hannun tsohon na nan cikin sumarsa.