Ƙwaya Uku a Buɗa Baki

Ni na ba Malam Ma'aruf shawarar, gara in faɗa tun yanzu. Iyakar ilimina na magani shi ne na taɓa yin gadi a kyamis.

A shekarar 1974 ne, jama'armu sun dawo Inugu bayan yaƙi, Malam yana limancin masallacinmu na unguwar Uwani. Jininsa ya hau, ya je wurin Dokta Yero, wanda ya dawo daga Ingila da farar riga da sabuwar Fijo. Aƙidar Dokta ita ce majinyaci jiki ne kawai. Bakinsa na buɗewa ne a leƙa maƙogwaro.

“Ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma,” in ji Dokta, yana miƙa masa ƙwayoyin magani.

“Ranka ya daɗe, ai watan...”

“Baba, ni ne likitan ko kai? Na gaba!”

Watan azumi ne. Malam ya rasa yadda zai yi, na ce ya haɗa ukun ya afa da buɗa baki, ai cikin ɗaya ne. Ya afa. A raka'a ta biyu ta magariba jiri ya kwashe shi, ya zube kan sahun gaba. Washegari ma haka.

Dattawan unguwa suka fara ƙus-ƙus. Alhaji Datti mai albasa ya ce, “Allah gafarta Malam, sujadar taka tana rigan ruku'u. In ta ci gaba, sai na'ibi ya karɓa.” Limancin da ya riƙe tun kafin yaƙi, wanda ya dawo dominsa daga Kano, yana shirin suɓucewa.

Ya koma asibiti. Dokta ya yi murna, don gwamnati ta kawo sabon injin hoto, ba a samu wanda za a gwada shi a kansa ba. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗauki na kai. Sau biyu Malam yana buɗe baki, sau biyu ana sa masa ma'aunin zafi a ciki. A ƙarshe Dokta ya sauya masa ƙwayar, daga fara zuwa shuɗiya, sau uku dai a rana.

Kwana huɗu bayan haka faɗuwar ta tsaya cak, Malam ya ci gaba da jan sallarsa. Dokta ya tara ɗaliban asibiti ya nuna musu hotunan, ya ce su koyi yadda ake gano cuta ba tare da ɓata lokaci kan surutun majinyaci ba.

Ranar da faɗuwar ta tsaya, ranar Sallah ce.